Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kaduna: A Kai Wa Yaranmu Kurame Harshe Tun Suna Goye

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku, da shugabannin hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, da sauran ma'aikatan da ke tafiyar da harkar ilimi a jihar nan, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon wannan amana.

Ni malamar firamare ce a Rigasa, shekara 17 ke nan ina riƙe da alli. Ni ce kuma mahaifiyar wata yarinya kurma da ta cika shekara 13 a bana. Na daɗe ina son rubuto muku ina fasawa, don ina ganin kamar maganar ta fi ƙarfin bakina. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne wata maƙwabciyarmu da ta shigo gidana makon jiya da ɗanta a goye, ɗan shekara biyu. Ta ce an tabbatar mata ba ya ji, ta tambaye ni ina za ta nufa da shi. Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na tarar babu wata amsa a ƙasa in ban da wadda aka ba ni shekara 12 da suka wuce, wato ta jira ya isa shiga makaranta. A kan wannan jiran nake so in yi muku magana, domin a cikinsa ake tafka asarar da ba a iya mayarwa.

'Yata tana da wata 14 sanƙarau ya kama ta, ana tsakiyar zafin bazara. Ta riga ta fara kiran "Mama", tana tatata tana dafa bango. Kwana 11 muka yi a asibiti, Allah Ya tashi kafaɗunta, muka dawo gida ana ta zuwa barka. Murna ta hana mu lura da komai. Sai wata rana murfin tukunya ya suɓuce mini ya faɗi a kan siminti daidai bayanta. Kaji suka watse, yayanta da ke barci a tabarma ya farka da kuka, ita kuwa tana zaune tana wasa da cokali, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Daga nan sai yawon neman magani, na asibiti da na gida, tofi da rubutu da hayaƙi, duk inda aka kwatanta mana sai mun taka. A wani ƙaramin asibiti wani ma'aikacin lafiya ya ba ni shawarar da na karɓa hannu bibbiyu, don na ɗauka ilimi ne. Ya ce kada a kuskura a riƙa yi mata nuni da hannu, in ta saba za ta yi kasalar magana. Na dawo gida na kafa doka. In ta nuna randa sai in riƙe hannunta, in durƙusa a gabanta ina cewa "ru-wa, ru-wa", ina jira ta maimaita. Ba ta taɓa maimaitawa ba. Shekara uku da rabi muka yi a haka. Yarinya mai fara'a ta koma mai cizo da buga kai a bango, 'yan unguwa suna cewa ai dama bebaye haka suke da zafin zuciya. Yau na san ba halittarsu ba ce. Duk wanda ƙishirwa ta kama, ko cikinsa ke murɗawa, ko wani ya ƙwace masa abu, kuma ba shi da hanyar faɗa, haka zai yi ko da kunnensa garau ne.

Wadda ta buɗe mana ƙofa ba ta taɓa shiga aji ba. Wata mai kitso ce a bayan layinmu, kurma tun haihuwa. Na kai mata yarinyar ana jibi Sallah, tana dab da cika shekara biyar. Maimakon ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta ba ta baya kamar yadda ake wa kowa, sai ta juyo da ita suna fuskantar juna. Ta ɗaga matsefi ta nuna mata, ta ajiye, ta yi wata alama da yatsu a kan gashinta, ta dakata. Ta sake ɗagawa, ta sake yi. A karo na uku 'yata ta ɗaga hannu ta kwaikwaya. Matar ta yi murmushi ta gyaɗa kai, ta jawo kwalbar man kitso. Ba a jima ba yarinyar ta miƙe ta kama zanen matar tana janta cikin tsakar gida: ga turmi, ga akuya, ga bokiti, ga igiyar shanya, kowanne sai ta nuna ta juyo tana kallon hannun matar. Daga ƙarshe ta nuno ni. Matar ta yi mata alamar uwa. Ba a yi kitson nan ba ranar, da tsefaffen kai muka koma gida, ina tafe ina share hawaye da bakin mayafi. Kusan shekara biyar 'yata ta yi a duniya ba ta san kowane abu yana da suna ba, kuma da hannuna na riƙe nata.

Ranku ya daɗe, masu nazarin yadda yara ke koyon harshe sun daɗe da tabbatar da cewa shekarun farko, daga haihuwa zuwa wajen shekara biyar, su ne lokacin da harshe ke kafuwa a ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar yaro ba ruwanta da ƙofar da harshen ya biyo, ta kunne ce ko ta ido, ita dai ya iso da wuri kuma ya iso cikakke. Jaririn da ya tashi a hannun iyaye kurame masu maganar hannu yakan yi gwaranci da yatsu kamar yadda ɗan masu ji ke gwaranci da baki, ya kuma fara kalmominsa a lokacin da sa'o'insa ke fara nasu. Amma irin waɗannan yaran 'yan kaɗan ne. Ƙididdigar da aka yi a Amurka ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, wato irina, waɗanda ba su taɓa tunanin za su buƙaci hannunsu don yi wa ɗansu magana ba. Shi ya sa a ƙasashen da suka tsara abin ake gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka wa iyalin kafin wata shida.

A nan kuwa yaro sai ya kai shekara bakwai, takwas, har goma kafin wani ya tsaya a gabansa ya yi masa cikakkiyar jimla da zai gane. Sannan a kawo shi aji ɗaya a ce a koya masa karatu da lissafi. Da wane harshe? Ni malamar ƙananan azuzuwa ce, na san abin da yaro mai ji ke shigowa da shi ranar farko. Yana zuwa da Hausa cike da bakinsa. Ya san jiya ya san gobe, ya san "don me" da "da a ce", ya sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wajen kakarsa, ya iya kai ƙara ya iya kare kansa. A kan wannan tushe muke aza harafi da lamba. Ɗan'uwansa kurma yana zuwa da nuni biyar ko goma na ci da sha da barci, sai a auna su da mudu ɗaya, in ya gaza a rubuta a katinsa cewa ba shi da ƙoƙari.

Akwai masu cewa a koya musu karanta leɓe ya wadatar. Ina roƙon duk mai wannan ra'ayi ya tsaya gaban madubi ya faɗi kalmomin nan ba tare da fitar da murya ba: bari, ɓari, mari. Sannan ya ce kasa, ƙasa, gasa. Zai ga leɓensa abu ɗaya yake yi. Ya ƙara da "kai" na jiki da "kai" da ake kiran mutum da shi, waɗanda hawa da saukar murya ne kaɗai ya raba su. Hausa harshe ne da karin sauti ke canza ma'ana a cikinsa, kuma ido ba ya ganin karin sauti, ba ya ganin abin da maƙogwaro ke yi. Babba da ya kurumce bayan ya iya magana yana iya cike giɓin da hasashe, don ya riga ya san harshen. Yaron da bai taɓa jin kalma ba, me zai yi hasashe da shi? Ba na adawa da na'urar ƙara ji, kuma na ga yaran da suke da sauran ji da ta amfane su ƙwarai. Sai dai ga tsada, ga batir, ga neman mai gyara in ta lalace, dashen na'ura a cikin kunne kuwa maganar miliyoyin naira ake yi. Ko an samu duka, bincike ya nuna maganar hannu ba ta hana yaro koyon maganar baki. A haɗa masa biyun, wanda ya riga kamawa ya riƙe shi kafin ɗayan ya iso.

Daga baya na gano cewa shawarar da aka ba ni tsohuwa ce, kuma daga nesa ta taso. A 1880 aka yi babban taron masu koyar da kurame a birnin Milan na ƙasar Italiya, mahalarta kusan dukkansu masu ji, suka zartar cewa koyarwa da baki ta fi koyarwa da hannu. Bayan wannan taro makarantu da dama a Turai da Amurka suka haramta maganar hannu, aka riƙa hukunta yara in an kama su suna yi, aka rage ɗaukar malamai kurame. Haka aka tafi shekaru masu yawa. Sai a 1960 wani malami a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washington, William Stokoe, ya nuna a ilmance cewa maganar hannu harshe ce mai ƙa'idojinta na nahawu. A 2010 magadan wancan taro suka zauna a Vancouver ta ƙasar Kanada, suka yi tir da hukuncin Milan a hukumance, suka nuna nadama a kan ɓarnar da ya jawo. Waɗanda suka kafa hukuncin sun janye shi, amma ragowarsa na nan a bakin wasu ma'aikatanmu ana ba iyaye a matsayin shawara.

Duk wanda ya zauna da kurame ya san Stokoe gaskiya ya faɗa. In 'yata za ta yi tambayar da amsarta i ce ko a'a, gira take ɗagawa, kuma wannan ɗaga girar daidai take da yadda muke ɗaga murya a ƙarshen tambaya. In tana ba da labarin mutum biyu, sai ta ajiye ɗaya a damanta ɗaya a hagu, duk lokacin da ta waiwayi wani ɓangare ka san wa take nufi. Ranar da ta ga wata mota ta goge keke napep a bakin titi, ta dawo ta ba mu labari da hannu biyu: daga ina motar ta fito, da wane gudu, yadda mai keken ya kauce, yadda fasinja ta dafe ƙirji. Yayanta da suke tare ya yi ta bayani da baki, bai kai ta fayyacewa ba. Da wannan harshe take wasa, da shi take gardama da ni a kan wanke-wanke, da shi take lissafi.

Mu a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne a wannan harka. Tun kafin a gina makarantar kurame ko ɗaya muna da tamu maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye. A Kano har sarautar Sarkin Bebaye ake da ita. Wata mai bincike 'yar ƙasar Jamus, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci harshen nasu, ta wallafa sakamakon a shekarar 2000. A kasuwanninmu za ka ga mahauci ko mai kayan miya yana ciniki da kurma da hannu ba tare da an nemo tafinta ba. Wannan ita ce maganar da mai kitson nan ta ba 'yata. Wadda ake koyarwa a makarantu kuwa asalinta daban ne. Andrew Foster, wani baƙar fata kurma ɗan Amurka da ya yi karatu a Gallaudet, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, bayan wadda ya buɗe a Gana a 1957, kuma da maganar hannun Amurka ya zo. Mutumin ya yi aikin da kuramen Afirka ba za su manta ba, ya kafa makarantu da dama kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Daga abin da ya shuka maganar hannun makarantun Najeriya ta tsiro, kuma har yau a azuzuwa da yawa jerin kalmomin Turanci ake bi da ita.

Ga inda abin ya taɓa ni. 'Yata ta shiga makarantar kurame tana da shekara bakwai. Bayan zango biyu ta dawo da alamomin da ni ban sani ba, mai kitson ma ba ta sani ba. Wata rana matar ta yi mata magana, yarinyar ta yamutsa fuska ta nuna mata cewa wannan ta ƙauye ce. Na ga yadda fuskar baiwar Allah nan ta canza, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Haruffan yatsu da ake koya musu ma guda 26 ne na Turanci, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, don haka yaron da ake kira Ɗanladi ko yarinya 'yar Ƙaura ba sa iya rubuta sunansu daidai a iska. Ban ce a jefar da ta makaranta ba. Da ita za su zauna jarrabawa, da ita za su gana da 'yan'uwansu na Legas da Inugu da Jos. Roƙona shi ne a daina raina ta gida, a ba ta gurbi a azuzuwan farko da wajen koyar da iyaye, domin ita ce wadda kaka da maƙwabci da mai shago suka riga suka san wani abu daga cikinta. A tara dattawan kuramen Kaduna da Zariya da Kafanchan a ɗauki maganarsu a bidiyo tun suna raye, kuma a bar kurame da kansu su jagoranci yadda za a daidaita biyun.

Na san manufar gwamnati ita ce kowane yaro ya yi karatu tare da sa'o'insa a makarantar unguwarsu, kuma niyyar mai kyau ce. Amma bari in gaya muku abin da idona ya gani a wata makaranta da na taɓa koyarwa. Akwai wani yaro kurma a aji biyar, kullum tsaf da shi, kullum a bencin gaba. Babu wanda ya kai shi kyan rubutu a ajin. Malama tana bayani fuskarta na kallon allo, shi kuma yana kwafe duk abin da alli ya zana, har da ɗigo da waƙafi. Shekara biyar ana ciyar da shi gaba saboda littafinsa cike yake. Da na fara iya maganar hannu sai na zauna da shi lokacin tara, na buɗe littafinsa na ɗora yatsa a kan kalmar "akuya" da ya rubuta da hannunsa, na tambaye shi mene ne wannan. Ya dube ni, ya dubi kalmar, ya sake kwafe ta a ƙasa da kyau ya miƙo mini. A saninsa wannan shi ne karatu. Akuya kuwa tana ɗaure a ƙofar gidansu. Ba na ganin laifin malamarsa, yara sama da 80 ne a gabanta kuma ba wanda ya taɓa koya mata alama ko ɗaya.

Yaro kurma guda ɗaya a tsakiyar masu ji ya fi kowa kaɗaici. Yana buƙatar 'yan'uwansa. A Nikaraguwa, da aka tara yara kurame a makaranta ɗaya a birnin Managuwa daga ƙarshen shekarun 1970, malamai suna ta fama da koya musu karanta leɓe, su kuwa yaran a filin wasa da cikin motar makaranta suka ƙirƙiro sabon harshen hannu a tsakaninsu, wanda masana ke nazari har yau. Muna godiya da makarantar gwamnati ta masu buƙata ta musamman da ke cikin garin Kaduna, da ta kurame da ke Kawo, da sauran masu ƙoƙari. Sai dai jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta. Uwar da ke Birnin Gwari ko Lere ko Sanga ba za ta iya kawo yaro kullum ba, kuma ba kowace uwa ce zuciyarta za ta yarda ta kai 'yar shekara shida makarantar kwana ba, yarinyar da ko an cuce ta ba ta iya faɗa. Abin da nake roƙo shi ne a zaɓi firamare aƙalla ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a ware azuzuwa a cikinta da za a tara kuramen yankin, su yi darasi da hannu a wajen malamin da ya iya, su fito tara da wasanni tare da sauran yara.

Wa zai koyar? Nan ne na fi so ku tsaya. Takardar shaidar ilimin masu buƙata ta musamman daban, iya maganar hannu daban. Na san malamai masu kyakkyawar niyya da iyakar abin da suka iya shi ne jera haruffa da yatsu da 'yan alamomin gaisuwa, a haka ake sa ran su bayyana wa yaro yadda ruwan sama ke haɗuwa ko yadda ake raba lamba. Ba za mu yarda a tura wa 'ya'yanmu masu ji malamin Hausa da ya san kalma 50 kacal ba. Kafin a tura malami ajin kurame, a zaunar da shi gaban kwamitin da kurame ke ciki, ya koyar da darasi na minti goma da hannu, su ce sun gane ko ba su gane ba. Sannan ga matasa kurame 'yan jihar nan da suka je har Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo suka samo takardar shaidar malanta ta NCE, wasunsu yanzu guga suke yi, wasu cajin waya. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A ɗaukar malamai mai zuwa a fara da waɗannan matasa. Yaron da ya ga babba irinsa riƙe da alli, ana gaishe shi ana biyansa albashi, ya samu amsar tambayar da 'yata ta taɓa yi mini, wai in kurame sun girma ina suke zuwa. Don horar da sauran malamai kuwa ba sai mun je nesa ba, hedikwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a nan Kaduna take.

Duk wannan gyaran makaranta ne, ni kuwa da maganar goyo na fara, kuma ita ce ta fi damuna. Na san asibiti ba a ƙarƙashinku yake ba, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a garin nan take. Iyaye mata kuma suna kai jarirai rigakafi a ƙananan asibitocin mazaɓu. A nan ya kamata a fara tambayar uwa ko jaririnta na zabura in an buga ƙofa, a kuma sa ido musamman a kan wanda ya yi shawara yana jariri, ko ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda ko hangum, ko kunnensa ke yawan zubar da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce masa, wannan aikin 'yan'uwanku ne na lafiya. Naku yana farawa ranar da aka ce wa uwa ɗanki ba ya ji. Kada ta fita daga asibitin nan da hawaye kawai. A ba ta sunan makarantar da za ta je ranar Asabar, lokacin da azuzuwanmu ke kulle ba kowa, ta tarar da malami kurma da wasu iyaye irinta, ta zo da mijinta da yayyen yaron. A ɗauki mata kurame irin mai kitson unguwarmu, a ba su ɗan horo da alawus, su riƙa shiga gidaje, don mace ce ke iya shiga inda uwa da jariri suke. Kuɗin wannan bai kai na gina aji biyu ba a kowace ƙaramar hukuma, a nawa lissafin.

Akwai abin da ba ya cikin manhaja amma yana hana ni barci. 'Yata tana da shekara tara ta tsaya bayan mun idar da sallar magariba, ta tambaye ni wa muke sunkuya wa. Tun tana ƙarama take bin sahu, tana ruku'u tana sujada tana ɗaga hannu, ba wanda ya taɓa gaya mata dalili. Na zauna a kan darduma na yi iya ƙoƙarina da ɗan abin da hannuna ya iya, ina jin kunyar Ubangijina. Yara nawa ne irinta ke zuwa Islamiyya ko coci suna motsa baki don su yi kama da sauran? Gara ma wannan. Yarinya kurma tana girma kamar kowace yarinya, al'ada za ta zo mata, idon maza zai fara binta. In ba ta da kalmar da za ta kira sassan jikinta, ba ta da alamar "ban yarda ba", ba ta da hanyar cewa wane ne ya yi mini kaza a wuri kaza, to mugu ya san da haka, kuma ita yake nema. In an je gaban hukuma ma sai an sami mai fassara kafin a ji ta bakinta. Duk uwar kurma da kuka tambaya a keɓe za ta gaya muku wannan ne babban tsoronta.

Ba sabon abu nake nema ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar ya ambaci sauƙaƙa koyon maganar hannu da ɗaukar malaman da suka ƙware a cikinta, har da malamai masu nakasa. Jiharmu ma ta yi tata dokar masu nakasa a 2021. Yuganda ta sa maganar hannu a kundin tsarin mulkinta tun 1995, Kenya a 2010, Afirka ta Kudu kuma ta mai da ita harshen hukuma na 12 a 2023.

'Yata yanzu tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Tana son lissafi, ta iya ɗinkin hannu, 'yan'uwanta kurame sun raɗa mata suna da alamar wushiryarta. Amma in aka ba ta dogon rubutu sai ta yi ta fama, tana komawa baya tana sake bi, abin da ƙanwarta 'yar shekara tara ke karantawa a zama ɗaya. Malamanta sun ce tana cikin masu ƙoƙari a ajinsu, ni kuma duk lokacin da na ga ta dafe goshi a kan littafi, shekarun nan uku da rabi nake gani. Maƙwabciyar tawa kuwa ban bar ta ta jira ba. Na kama hannunta muka zagaya bayan layi wajen mai kitso, yanzu kullum da la'asar tana can da yaron, jiya ma ta ce mini ya fara yin alamar ruwa. Wannan gida ɗaya ne a Rigasa, kuma sa'a ce ta haɗa shi da mai kitso.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ranar 23 ga Satumba ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa harsunan hannu, ana kuma yin taruka a kanta tun 2018. Ina roƙon kafin ta zagayo ku zaɓi rana ɗaya ku shiga ajin da ake koyar da kurame ba tare da an yi shiri don zuwanku ba, ku zauna a bencin baya har a tashi darasi, da wani babba kurma a gefenku da tafinta, ku tambaye shi nawa yaran suka gane daga abin da aka koyar. Bayan nan ku kira mu, iyaye da ƙungiyar kurame ta jiha, mu zauna a kan ajin Asabar ɗin nan. Ni da wasu iyaye mata shida mun riga mun yarda za mu share ajin mu kawo tabarmi.

Na gode da sauraro. Allah Ya yi muku jagora.

Taku,
Wata uwa kuma malamar firamare,
Rigasa, Kaduna.